Kason Nama a Dapango

Asuba na yi muka bar Sokode a kamiyon, babbar motar ɗaukar gyaɗa, ni da ƙanena. Dapango muka nufa, wurin mahaucin da na kora daga zangonmu ina sabon sarkin fawa. Laifinsa ɗaya: ya ce bai kamata ni in kasa naman watanda, ni in fara zaɓa, kuma ni in saurari ƙarar wanda aka ƙwara ba. Na ce ai ni mai tsoron Allah ne, na ƙwace rumfarsa. Yanzu zan sauka daga sarautar, ina neman gafararsa.

A duwatsun Bafilo motar ta yi ta tari har muka sauka turi. Ni dai hannu kawai na ɗora. A Mango muka yini jiran jirgin fito a bakin kogin Oti. Daga Bombuwaka zabi suka yi araha, ƙanena ya ci har ya daina surutu.

Na same shi a kasuwa, duk furfura, shi ne shugaban mahautansu. Ya kasa naman wani sa kashi-kashi, ya juya ya fuskanci bango. Kowa ya ɗauka, abin da ya rage nasa.

Na ce, “Ba su yarda da kai ba ne?”

“Ranka ya daɗe, ni ne ban yarda da hannuna ba. Ya san inda tsoka take.” Ya ce ba ya korar kowa sai dattawa uku sun amince, kuma ba shi ke naɗa su ba.

Na faɗi abin da ya kawo ni. Sai ya miƙo mini wuƙa, ya ce, “Yaya, kasa mana cinyar nan.”

Na kasa, na juya baya. Ashe hannuna ya tara tsoka a kaso ɗaya kamar da. Wani ya ɗauke, aka bar mini ƙashi. Muka yi dariya har na share hawaye. Ya ce ya yafe tuntuni.

A dawowa wani akawu yana ta bayanin dokar mulkin da ake rubutawa da majalisar da za a kafa a Lome. Wasu a motar suka ce a samu mutumin kirki kawai a sakar masa komai. Karatuna bai yi nisa ba, amma ni ma mutumin kirki ake ce mini. Mutum ba mugu ba ne; yana son tsoka ne, sai a tsara yadda son nan zai sa shi adalci.

Da muka iso gida na tara mahauta kafin su zaɓi magajina. Na kasa nama, na nemi bango.