Takardar Zuba Yashi

Maigidana bai yi nisa a boko ba, amma yana girmama takarda. Shekarar da ya fara gina mana gida a filin da ke jikin gidansu, a kan hanyar da ke fita Kalmalo, kafin tifa ta sauke ko shebur ɗaya sai da ya je sakatariya ya karɓo izini. Layinmu matsattse ne, filin kuma ba shi da sararin ajiye kaya. Dole yashi da tsakuwa su zauna a bakin titi, tare da wata tsohuwar tirelar tarakta da ya aro don zuba baraguzan katangar ƙasar da aka rushe. Maƙwabta suka yi ta yi masa dariya, wai wa ke neman izinin zuba yashi a Illela. Ya ce shi kullum yana ƙetara iyaka da albasa zuwa Kwanni, ya ga abin da rashin takarda ke yi wa mutum.

Takardar ta wata uku ce. In ta ƙare sai a mayar da ita ofis, a buga hatimi a bayanta, ta sake wata uku. Ni ya ba ajiyarta. Na ninke ta biyu na sa a cikin ɗaya daga littattafan soyayyar da yake sayo mini ranar Lahadi a kasuwa. Tun ina budurwa nake karanta su, kuma a cikinsu ne na fara ganin gidan da nake so: taga mai labule, da baranda inda mata ke jiran mijinta da shayi. Ya kan ce baranda ai ta masu zaman banza ce, amma da aka ja igiyar fandisho na ga ya bar mata wuri.

Gini ya kai linta lokacin da ya dawo daga Kwanni da zazzaɓi. Kwana huɗu ya yi.

Na shiga takaba a ɗakinmu na cikin gidansu, wanda bangonsa ke jingine da sabon ginin. Wata huɗu da kwana goma ne a gabana, ba fita. Takardar kuwa saura wata biyu ta ƙare. A lokacin ban yi wannan lissafin ba.

Yana da wata al'ada: da ya dawo daga sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, sai ya ɗauki bokiti ya yi wa bulo ban ruwa. Ina daga ɗaki nake jin ruwan yana zuba, bulo yana tsotsewa da wata 'yar ƙara. Bayan rasuwarsa ban daina ji ba. Gari ya waye sarai, kaji suna ta kai da kawo a tsakar gida, ni kuma ina jin bokiti yana taɓa ƙasa a bayan bango. Na gaya wa surukata, wadda duk gidan ke kira Inna. Ta ce mai kurar ruwa ne yake wucewa, in yawaita istigfari. Na yawaita. Amma kullum da safe sai na matsar da tabarmata kusa da bangon.

Ƙanin maigidana, wanda suke fataucin albasa tare, shi ya karɓi ragamar ginin. Da can abokin wasana ne, ba ya shigowa gidan bai tsokane ni ba. Wata safiya ya tsaya daga bakin ƙofa, ya yi sallama, ya ce, “Matar Yaya, ina kinka aje takardar yashi? Jibi take ƙarewa.”

Na ce, “Hatimi za a buga?”

“Hatimi, da gyaran suna. Malamin ofis ya ce ba a sabunta wa mamaci. Zai ja jan biro bisa sunan Yaya, ya rubuta nawa a sama, shi ke nan. Ko minti biyar ba a yi.”

Na gyara zamana a jikin matashi. Ya ɗan yi dariya, irin ta mai son ya sauƙaƙa magana, ya ce, “Ko kin karance ta ne tare da littattafan naki?”

Na ce ban san inda ya ajiye ta ba.

Har yau ina jin yadda maganar ta fita daga bakina ba gargada. Littafin yana ƙarƙashin matashin da nake jingine. A takardar nan an rubuta sunansa, a gabansa an rubuta mai gini, kamar mutumin da zai fito gobe ya ɗora rufi. Duk sauran takardun da aka kawo bayan rasuwarsa da marigayi suke farawa. Na kasa yarda wani ya ɗora jan biro a kan wannan.

Aka zazzage akwatinsa da aljihun rigunansa, aka duba cikin motar da yake bi. Ƙanin nasa ya koma ofis, aka ce wurin yana da takarda a rajista, ba za a yi sabuwa ba sai ya kawo shaidar ɓata daga mai unguwa, sannan a zo a sake duba titin. Ya fara bin wannan hanya, yau a ce gobe, gobe a ce mai sa hannu ya tafi Sakkwato. Ni kuwa na gaya wa kaina yashi ai ba ya ruɓewa, in na fita takaba zan je da kaina in roƙi malamin ya bar sunan. A littattafai irin wannan roƙon yana karɓuwa.

Ruwan farko ya riga ni. Da la'asar ya sauko, mai ƙarfi, ya wanke gefen tsibin yashin ya cusa a magudana. Ruwa ya rasa hanya, ya juya ya shiga zauren wani tsoho maƙwabcinmu, ya jiƙa masa buhunan gero. Tsohon bai zo gidanmu ba, don kunyar makoki. 'Ya'yansa ne suka kai ƙara.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, na ji tifar hukuma ta tsaya. Na ji shebur yana shiga yashi, da muryar ƙanin maigidana yana cewa, “Don Allah Malam, ku ba ni zuwa Litinin.” Wata murya ta amsa a hankali, ba faɗa, “Wallahi ko yanzu kaka kawo tsohuwar takardar sai in buga hatimi nan bisa mota, mu sauke abin da munka loda. Ba ni da ikon da ya wuce wannan.”

Na zaro takardar na fito tsakar gida. Iyakata zaure. Inna tana zaune a kan turmi a bakinsa, ita ma sauraro take. Na miƙa mata, ina jiran faɗan da na cancanta.

Ta buɗe ta a juye, don ba ta karatun boko. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, “Wanne ne sunan nasa?”

Na juya mata takardar na nuna. Ta ɗora babban yatsanta a wurin. A waje ana ta lodi, an fara ɗaura tirelar a jikin tarakta, ƙarfe yana bugun ƙarfe. Ɗanta na biyu yana ta roƙo, taku goma daga inda muke.

Ta ninke takardar yadda take, ta sa mini a hannu ta rufe yatsuna a kai.

“Mayar inda kinka aje,” ta ce. “Ni ban gani ba.”

Muka zauna a nan, ni a ƙasa ita a kan turmi, har tifar ta tashi.