Ranar da Koci Ya Daka Mini Tsawa

Bayan rasuwar Baba, duk unguwarmu ta Lamisula aka koma yi mini magana ƙasa-ƙasa. Mai shayi, maƙwabta, har abokan tsokanata, kowa sai "Ya haƙuri?" Da na koma filin ƙwallon kwando bayan sadakar bakwai, can ma haka. Ni ne gwanin jifa na ƙungiyarmu tun ina sakandare, amma hannun nan ya mutu murus. In na zubar, sai a dafa kafaɗata: "Ba komai, Allah ya ji ƙan Baba." Wallahi da ma zagina aka yi. Na yanke a raina, wasanmu da 'yan unguwar Bolori shi ne na ƙarshe, daga shi na daina.

Kocinmu wani dattijo ne ɗan unguwar Mafoni, mai faɗan tsiya. In ransa ya ɓaci Hausa ba ta isarsa, sai ya juye Kanuri. Shi ma tun zaman makoki bai ɗaga mini murya ba.

Ranar wasan na yi ta jifa ina zubarwa. Abin takaici, har ɗan Bolorin da aka sa ya tsare ni ya riƙa ja da baya yana ba ni hanya, wai ga maraya. Saura ƙiris a tashi, suna gabanmu da kaɗan, Koci ya sa aka tsayar da wasa. Mataimakinsa ya riga ya tayar da wanda zai canje ni. Na nufi benci, har da ajiyar zuciya.

"Ina za ka?" in ji Koci. "Kai kaɗai aka taɓa yi wa mutuwa a garin nan? Dubi gwiwar hannunka, kamar mai daka gero! Koma ciki! Ku ba shi ƙwallo, in ya zubar ku ƙara ba shi." Sauran ya ƙarasa da Kanuri.

Wani ɗan kallo ya ce, "Haba Koci, ka ji tsoron Allah." Ni kuwa zuciyata ta tafasa, kuma rabon da in ji wani abu ban da baƙin ciki har na manta. Na koma na bangaje mai tsarona, na ce masa, "Malam, tsare ni da gaske." Jifana na farko ya shiga. Na ƙarshe ya daki ƙarfen kwandon ya fito, suka cinye mu.

Ina alwalar magariba a bakin fili, Koci ya tsuguna kusa da ni da butarsa, idanunsa jawur. A hankali ya ce, "Allah ya sa ya huta. Gobe kada ka makara." Nan na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Mutane da yawa sun tausaya mini a shekarar nan, na gode musu. Amma dattijon nan ba ni da bakin gode masa. Washegari na makara, ya wanke ni tas a gaban kowa, ni kuwa ina tsaye ina yi masa addu'a a zuci.