Tsamiyar da Kawu Yake Nufa

Jiya malaminmu na injiniyanci ya zana da'ira a allo. Ya ce duk na'urar da ke sarrafa kanta sai ta auna inda take, ta kwatanta da inda ake so ta kai, ta gyara, ta sake aunawa. Lissafin ya ɗaure mini kai. Ina zaune sai na ji kamar warin fetur da ɗanyen kifi, na tuna marigayi Kawu, mai tuƙa jirgin ruwa a Wara.

Sau ɗaya ya taɓa sakar mini hannun injin. Ya nuna wata tsamiya a ƙetaren tafki, ya ce ita zan nufa. Ruwa ya ja mu hagu, na murɗa dama da ƙarfi, muka zarce, na sake murɗowa. Jirgi ya kama tangaɗi, buhunan shinkafa suka fara jiƙewa, wata tsohuwa tana ta salati.

Ya dafa hannuna da tafinsa mai kaushi. "Sannu-sannu, ɗana. Jirgi ba shi amsawa nan take. Gyara kaɗan, ka jira, kana ka duba."

Wannan na gane yanzu. Amma ranar da ruwan sama ya rufe tsamiyar, lafiya lau ya ƙetarar da mu. Da me yake aunawa? Na yi ta cewa zan tambaye shi.

Allah Ya sauke shi a gaɓar rahama, mu kuma Ya nuna mana tsamiyarmu.