Kokon Yaya Dije a Kumasi

Ranar wata Alhamis ce ta kaka, ina 'yar shekara goma, zamanin da kuɗin wuri ke ƙarewa ana fara karɓar anini a kasuwar Kurfi. Muna tsakar gida ni da Inna muna sussukar gero, ƙaiƙayi duk ya bi mini wuya, sai muka ji kukan jakuna a ƙofar gida. Wata mata ta yi sallama ta shigo riƙe da laima, ɗaure da zane mai launukan da ban taɓa gani ba. Ta dubi rumbu, ta dubi murhu, ta ce, "Inna, har yanzu ba a gyara dangar nan ba?" Inna ta saki taɓarya. Yaya Dije ce ta dawo bayan shekara shida.

Ita ce babba a ɗakinmu, kuma tun tana budurwa halinta daban yake. Ba ta ƙunsa lalle, wai warinsa na sa ta ciwon kai. Ba ta son sabon tuwo, sai ɗumame. Idan hadari ya taso kowa na gudu ɗaki, ita sai ta fito fili ta tsaya har ta jiƙe sharkaf. A dandali ita ke ba da waƙar gaɗa, amma ba ta shiga rawa. Babbar rigimarsu da Inna kuwa kan koko ce, don Yaya ba ta dama shi sai ta zuba citta da kanumfari da masoro har ya riƙa sa mutum tari. "Wannan magani ne ba koko ba," in ji Inna, ta ture ƙwaryar.

Da ta auri Malam Iro, wani falken goro na Dutsin-Ma, ita da bakinta ta ce ƙafarsa ƙafarta har Kumasi. Dangi suka yi ta surutu, Baba dai ya sa albarka. Shekara biyu ana samun gaisuwa ta bakin fatake, daga nan shiru. Sai wani mutumin Barkiya da ya fito daga can ya gaya wa Baba cewa ya bar Malam Iro kwance da kurkunu a ƙafa biyu, jakunansa sun mutu, bai kuma san halin da matar take ciki ba. Inna ta rame. Ko gonarmu ta gyaɗa muka je, sai ta tsaya tana kallon hanyar kudu.

Ranar da Yaya ta dawo, maƙwabta suka cika gidanmu, ta ba mu labari. Da mijinta ya kwanta, ba dangi ba hatsi, sai ta nemi gero wurin wata tsohuwa Bahaushiya a zango, ta dama koko irin nata, ta soya ƙosai, ta zauna a bakin hanya. Masu dakon goro suka fara saye. Kafin wata ya zagayo, matan Asante, 'yan asalin ƙasar, na zuwa da kwanoninsu tun da sassafe, suna cewa a ƙara musu yaji. Da kokon nan ta yi jinyar Malam Iro shekara guda cur har ya miƙe, ta kuma gina ɗaki biyu nata na kanta. Ta iya yarensu, ta iya daka sakwara, ta saba da gasasshiyar ayaba. Dodon koɗi ne kawai ta ce ko an ɗaure ta ba za ta ci ba. Abin da ya fi yi mata daɗi, ƙasar ruwa ce, ta jiƙe son ranta ba mai yi mata faɗa. Abin da ta fi kewa kuwa nonon Fulanin Tamawa.

Washegari ta dama mana kokon nata. Inna ta sha, ta yi tari, ta share ido, ta miƙa ƙwarya ta ce, "Ƙara mini."

Kowa ya ɗauka ta dawo ke nan. Bayan babbar salla ta durƙusa gaban Baba ta ce, "Baba, a yi mini izini in koma, can ma gida ne yanzu." Baba ya ce, "Je ki, Dije, ba ki ba mu kunya ba." Na raka ta ita da fataken da za ta bi har bayan gari ina riƙe da gefen zanenta, ta yi mini alkawarin aiko mini da irinsa, ta kuwa aiko.

Sau biyu kawai na sake ganin ta. A can ta tsufa, a can aka binne ta, jikokinta ma Hausarsu ta karye. Yau 'yan gidanmu kan shiga mota su kai Kumasi cikin kwanaki kaɗan, su dawo ba wanda ya taru jin labari. Ita kuwa wata da watanni ta yi tana takawa a ƙasa, ba ta san kowa a can ba sai mijinta. Har yau ban ga mai ƙarfin zuciyarta ba.