Labaran Mai Karnuka, Direban Dabbobin Dubai

An haifi Malam Labaran Aminullahi a garin Wudil a shekarar 1968. Mahaifinsa, Malam Aminullahi, dillalin shanu ne a kara, mahaifiyarsa kuwa Malama Sabuwa ce.

Karatu da Sana'ar Farko

Ya sauke Alƙur'ani a 1982, ya kammala sakandare a 1987, sannan ya shiga rakiyar shanu zuwa Legas a manyan motoci. A wannan hanya ya naƙalci ilimin da ya amfane shi har ƙarshen rayuwa: yadda ake loda dabba ba ta shaƙe ba, da lokacin shayar da ita, da gane wadda zafi ya fara galabaitarwa. Abokan aikinsa sun shaida saniya ba ta taɓa mutuwa a hannunsa ba.

Aure da Zuwa Dubai

Ya auri Barira a 1995. A 2004 ya samu aikin direba a wani kamfanin safarar kaya da ke unguwar Al Rigga a Dubai, yana jigilar kayan 'yan kasuwar Kano zuwa sito a Dubai Investments Park. Iyalinsa suka biyo shi a 2009.

Jigilar Dabbobi

A 2013 ya kai wata kyanwa mai rauni wani gidan ajiye dabbobin da aka yasar. Nan ya ji cewa idan wurin ya cika, dabbar da wa'adinta ya ƙare ba a ɗauke ta ba, allurar mutuwa ake yi mata, alhali akwai masu son riƙo a garuruwan Sharja da Ajman da ke maƙwabtaka, mota ce kawai babu. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai. Ya sayi tsohuwar bas mai na'urar sanyi, ya cire kujerun baya, ya jera keji, ya mayar da kowace Asabar ranar jigila.

Kyanwa ba ta dami kowa ba, amma da aka ga karnuka a ciki, sai ca! Aka laƙaba masa Mai Karnuka. Amininsa, Alhaji Ɗalhatu, ya ce wallahi khalas, wato shi ke nan, ƙafarsa ba za ta sake taka motar ba. Labaran bai yi musu da kowa ba. Ya ware tufafin salla daban, yana wanke motar bayan kowace tafiya, in an matsa masa ya ce: "Rai ne, Alhaji, kuma ranar Lahadi wa'adinsu." Shekara goma bai tsallake Asabar ɗaya ba.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa da safiyar Juma'a, 14 ga Yuli, 2023, sakamakon ciwon zuciya. An yi jana'izarsa bayan sallar la'asar, aka binne shi a maƙabartar Al Quoz. A wurin ta'aziyya, Barira ta aika wa maza da takardar jigilar Asabar da ta samu a aljihunsa: dabbobi tara, shida karnuka, da adireshin kowanne. Washegari Asabar da hantsi Alhaji Ɗalhatu ya yi kaffarar rantsuwarsa, ya karɓi makulli, ya tuƙa motar yana hawaye. Duka taran sun isa da rai.

Ya bar mace ɗaya da 'ya'ya huɗu: Abdulhakeem, Izzuddeen, Mahfuza, da Kamila, wadda makullin motar ke hannunta yanzu. Allah ya yi masa rahama kamar yadda ya ji ƙan marasa baki.