Kai a Birni, Gangar Jiki a Ƙauye

Ba a cire takalmi a gidan adana kayan tarihin nan na arewacin Tailan, amma wata tsohuwa ta cire nata tun daga bakin ƙofa. Wirot mai gadi yana kallonta: 'yar firit, furfura a ɗaure, kaushin ƙafarta irin na masu dashen shinkafa. Ba ta ko waiwayi tulunan sarakunan da ba. Kai tsaye ta nufi gaban kan wani gunkin Buda na dutse da ke cikin gilashi, ta durƙusa, ta warware fallen zinariya irin wanda ake manna wa Buda don neman albarka.

"Kaka, nan ba a taɓawa," in ji Wirot.

"Na sani, ɗan nan. Gangar jikinsa tana haikalin ƙauyenmu. Ina amarya aka wayi gari babu kan. Tun daga nan a wuya muke manna masa." Ta ƙura wa fuskar ido. "Ashe murmushi yake yi. Wallahi na manta."

Wirot yana tunanin wataƙila ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san gunkin da kai a jikinsa. Ya kau da kai. Ta manna zinariyar a gilashin, daidai kumatu, ta fita da baya-baya.

Dokar gidan ce a goge gilashi kafin a rufe. Ya goge. Har ya isa gida, ɗan yatsansa yana ƙyalli.