Ɗakin Tsirran Kawu Ba Shi da Kwaɗo

Kafin a kunna rediyo a benenmu, Kawu ya riga ya share matakala ya zagaya baya. Can tsakanin tankin ruwa da katanga akwai wani ɗan ɗaki na katako da gilashi, wanda dogon mutum sai ya sunkuya zai shiga. Zai ɗaga tagar sama ya tokare ta da sanda don zafi ya fita, ya goge gumin da ya kwanta a gilashi, sannan ya bi gwangwanayen shuka yana tsoma yatsa a ƙasa. Wanda ya ji ƙishi ya ba shi ruwa, wanda ya ƙoshi ya wuce shi. Shi ne mai kula da gidan hayarmu tun kafin yawancinmu mu tare, kuma a ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Da hannunsa ya gina ɗakin, shi da ba kafinta ba. Tagogin da aka cire lokacin gyaran bene ya tara, da ƙafafun wani gado da aka yar. Telan da ke hawan ƙasa, wanda ya ga aikin, ya ce sai da iska ta kwantar da shi tukuna Kawu ya gane cewa ginshiƙai na son rami mai zurfi, da baƙin mai a gindi saboda gara. Da guntun tsohuwar taya ya rataye ƙofar. Har yau tela na tsokanarsa cewa ɗakin ya karkace kamar mai ciwon baya, shi kuma ya ce ai da mai shi ya yi kama.

A gona aka haife shi. Ya zo birni da niyyar ya ɗan yi aiki ya koma, kafin ya waiga an shimfiɗa titi a kan gonar. Ba ya yawan maganarta. Amma na sha ganinsa ya ɗebi ƙasar gwangwani ya kai hanci, ya daɗe bai sauke ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar ɓarawo. Shekaru ke nan dashe na ɓacewa daga ɗakin, kuma duk gidan mun san mai ɗauka. Goggo ce, tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe, wadda tagarta ke kallon katanga, 'ya'yanta kuma suka yi nisa. Mace ce da ko gishiri ba ta taɓa roƙa ba. Idan Kawu ya tura amalanken shara da hantsi, sai ta lallaɓa ta ɗauki gwangwani ɗaya ta rufe da mayafi. Da farko tumatir take ɗauka, ya mutu mata saboda rashin rana. Da Kawu ya lura, sai ya fara renon na'ana'a da latas, masu haƙuri da inuwa, yana ajiye su a bakin ƙofa.

Abin ya daɗe yana damuna. Na ce masa ko dai ya sa kwaɗo ko ya ba ta kyauta a fili, don barin mutum cikin laifi ba taimako ba ne. Ya ce ya taɓa miƙa mata, ta ce ita ba mabaraciya ba ce, ta yi wata ba ta gaishe shi ba, tagarta kuma ta zauna wayam.

“Malam,” in ji shi, “abin da na yafe tun yana iri, ta yaya zai zama sata idan ya yi ganye?”

Na ce amma ita a ranta sata take yi. Ya ce wannan kam ya fi ƙarfinsa, shi ruwa ya iya bayarwa. Har yanzu ban warware wannan ƙulli ba.

Gwiwoyinsa sun gaji. 'Yarsa za ta ɗauke shi zuwa wani gari, hawa na sama, inda ko tafin hannu na ƙasa babu. Bai roƙi a kula masa da ɗakin don kansa ba. Tagar Goggo ce damuwarsa, kuma ni mai yawan gardama ya zaɓa in ci gaba da ajiye mata. Makon jiya na gwada. Na ajiye gwangwanin na'ana'a a bakin ƙofa, na tura amalanke, na dawo na tarar da shi yana nan. Washegari ma haka. Kawu ya zo ya duba, ya yi dariya har da tari.

“Ka goge shi, ka ajiye shi tsaf kamar tsarabar amarya. Wa zai saci kyauta? Karkata shi, ka bar masa taɓo, kamar an manta da shi.”

Na yi yadda ya ce. Da na dawo, babu gwangwani.

Kawu, kai ne manomin da gona ta tsere wa, bai yi fushi da ƙasa ba. Kai ne ka ciyar da mutum ba tare da ka sa shi sunkuyar da kai ba. Za mu yi kewar ƙarar tsintsiyarka, ni kuma zan yi kewar wanda nake kai wa tambayoyina ya mayar mini da su da taɓo a jiki. Mun gode. Allah ya sa tagar ɗakin da za a ba ka tana samun rana.

Ku kuma masu karatu, a kusa da kowannenku akwai wanda zai gwammace yunwa da ya ce a ba shi. Ku nemo hanyar da abin zai isa hannunsa, sannan ku tura amalankenku ku ba shi wuri.